Zoben Azurfa da Sarƙar Hannu a Intanet: Yadda Mai Waya Zai Gane Aikin Maƙeri na Gaskiya Kafin Ya Tura Kuɗi

Duk mai bibiyar sitatus na WhatsApp a Sabon Garin Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya san yadda tallar kayan ado take ƙaruwa idan Salla ta gabato ko lokacin haɗa lefe ya kama. Zobba, 'yan kunne, awarwaro, jigida, sarƙar wuya, kowanne an ɗauke shi hoto a kan farin ƙyalle, a ƙasa an rubuta "azurfa zalla, aikin hannu". Wasu daga cikin masu tallar gaskiya suke faɗi. Wasu kuwa kayan inji ne da aka sara da yawa daga AliExpress ko Temu, aka sauya musu suna, aka ninka kuɗi. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba su da ko da zobe ɗaya a hannu, hoton wani suka ɗauko suna jiran wanda zai tura kuɗi su toshe lambarsa.

Asarar ba ta tsaya ga mai saye ba. Duk lokacin da aka sayar da kayan inji da sunan aikin hannu, maƙerin da ya wuni gaban zugazugi ne ake karya wa farashi, domin gobe idan ya faɗi kuɗin aikinsa za a ce masa ai an ga irinsa a intanet a rabin wannan. Wannan darasi zai bi hanyoyin da waya da wasu ƙananan na'urori za su taimaka wajen rabe tsaki da tsakuwa.

Daga ina aikin hannun yake fitowa?

Jega ba baƙuwar kasuwancin nesa ba ce. Tun ƙarni na 19 kasuwarta ta yi suna a ƙasar Gwandu, kuma fataken da ke zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a cikinta. Har yau garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Koko da Yauri ta nufi Kontagora, ga kuma reshen da ya shiga Birnin Kebbi. Abin da intanet ya sauya shi ne yanzu ciniki yana faɗawa kafin kaya su hau mota.

A al'adar Hausa maƙera iri biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu garma da lauje da gatari. Maƙeran fari kuwa su ne masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, su ke yin zobe da munduwa da 'yan kunne. Ana samun su a manyan kasuwanni, irin Kasuwar Kurmi ta Kano, da Sakkwato, da ƙananan garuruwa inda sana'ar ta zama gado. Zoben azurfa yana da kasuwa ta musamman a wajen maza, saboda Musulunci ya hana namiji ado da zinariya amma ya halatta masa zoben azurfa.

A kudu da Kebbi akwai Bida a Jihar Neja, inda mutanen unguwar Masaga suke narka gilashi, har da fasassun kwalabe, su mai da shi duwatsun wuya da awarwaro, ga kuma maƙeran tagulla na garin. A 2021 UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen ƙirƙira a fannin sana'ar hannu.

Sai Agadez a Jamhuriyar Nijar, wadda ta fi kowa shahara a wannan fage a idon duniya. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan a harshensu, su ke ƙera abin wuyan nan da Faransawa suka sa wa suna kuros na Agadez. Ana yawan lissafa samfuri 21, kowanne an jingina shi ga wani gari ko yanki, kamar Tawa da Damagaram da Ingall da Bilma. Yadda ake yin sa yana da muhimmanci ga mai saye, don haka a kula. Maƙeri yana fara siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya zube, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Idan ta huce sai ya fasa yumɓun. Ma'ana kowane guda da tukunyarsa, kuma tukunyar ba ta sake aiki. Bayan haka sai aikin zarto da zanen da ake yi da ƙaramar kurfi, layi bayan layi. Saboda haka ba a samun guda biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Waɗannan maƙera sun daɗe suna dogaro da Turawa masu yawon buɗe ido. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar yana ratsa Agadez a shekarun 1980 da 1990, yana kawo masu saye. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007 ya kori baƙi, shi ma tseren na 2008 aka soke shi saboda wata barazanar tsaro ta daban, daga 2009 kuma aka mai da shi Kudancin Amurka. UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadez cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma takardar yabo ba ta sayen zobe. Ga mai sana'a irin wannan, wayar hannu ce ta zama rumfar kasuwa, kuma mai saye daga Jega ko Kano ya zama kwastoman da ake ji da shi.

Binciken hoto da binciken shafi

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo sai 'yar data. A ajiye hoton kayan da aka gani, a buɗe Google Lens, a ɗora shi. Manhajar za ta nemo hotuna masu kama da shi a faɗin intanet. Idan hoton nan, da ƙyallen da inuwar da komai, ya fito a shafin AliExpress ko Pinterest ko wani shago na Turkiyya, to magana ta ƙare: ko dai kayan inji ne, ko hoton sata ne. Idan abin da ya fito kama ce kawai, ba shi kansa ba, wannan ba laifi ba ne, domin samfurin gargajiya kowa yana yin sa.

Sai shafin mai tallar. A Instagram, idan aka shiga shafin mutum aka taɓa ɗigo uku na sama, akwai wurin da aka rubuta About this account. Nan ake ganin watan da aka buɗe shafin, da ƙasar da yake, da sau nawa aka sauya masa suna. A Facebook kuma ana duba Page transparency. Shafin da aka buɗe wata biyu da suka wuce amma yana da mabiya dubu arba'in, ko wanda aka sauya wa suna sau biyar, abin tsoro ne. 'Yan damfara suna sayen tsofaffin shafukan barkwanci ko na ƙwallo, su goge abin da ke ciki, su zuba hotunan kaya. Shafin da ya kulle wurin sharhi ma ba ya son a ji bakin waɗanda suka riga suka saya.

Amma kada a juya wannan ma'auni a kan mai gaskiya. Maƙeri na ainihi sau da yawa shafinsa ba shi da kyau ko kaɗan. Mabiyansa ɗari biyu, hotunan sun ɗan dushe, ana hango tabarma ko buta a gefe, wani lokaci ɗansa ne ko ƙanensa yake riƙe da wayar. Irin wannan rashin tsari ya fi zama shaida a kan hoto mai sheƙi wanda ba a ga hannun mutum a ciki ba, balle yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya zana sarƙar da ba a taɓa ƙerawa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne kiran bidiyo. A nemi mai kayan ya nuna zoben a hannunsa, ya juya shi, ya nuna cikinsa, ya nuna maƙerar da kayan aikin. Idan sabis ba shi da ƙarfi, a ce ya rubuta kwanan watan ranar da sunan mai saye a takarda, ya ajiye kayan a kai, ya ɗauki gajeren bidiyo. Mai gaskiya minti biyu ya ishe shi. Wanda ya fara cewa kyamararsa ta lalace, ko kayan suna sito a Legas, a bar shi da kayansa. Kuma a roƙa a turo hoton a matsayin HD ko a matsayin fayil, saboda WhatsApp yana matse hoto, sai ƙananan zane su ɓace, alhali su ake son gani. A aikin hannu layukan zane ba sa yin daidai kamar an auna da rula, ana ganin sawun zarto a bayan kayan, wurin da aka yi walda ma yana nunawa kaɗan. Idan aka jera guda goma duk suka zama tamkar tagwaye, inji ne.

Azurfa ce ko farin ƙarfe?

A nan mafi yawan mutane suke faɗawa, domin hoto ba ya nuna abin da ke cikin ƙarfe.

Lambar 925 da ake gani a cikin zobe tana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi tauri. A zinariya 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Ana iya karanta lambar da kyamarar waya idan tana da yanayin ɗaukar abu na kusa. Sai dai tambarin buga 925 abu ne da kowa zai iya saya, don haka ganin lambar ba hujja ba ce. Rashinta ma ba hujja ba ce, saboda maƙeran gargajiya da yawa ba sa buga komai. Tsofaffin maƙera sun saba narka dalar Maria Theresa, kuɗin azurfar nan na Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wadda azurfar cikinta kashi 83.3 ce. Tsohon abin wuya da aka yi da ita azurfa ne na gaske ko da bai kai 925 ba.

Akwai wani ƙarfe da ake kira azurfar Jamus, wanda sunansa kawai ya ɗauko. Haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, babu azurfa ko ɗigo a ciki. Yana da haske, yana da araha, kuma ba aibu ba ne a yi ado da shi in an faɗi gaskiyar abin da yake. Matsalarsa nikel ɗin yana sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman a kunne. Haka sarƙoƙin da mata ke kira GL, rufi ne aka yi wa wani ƙarfe, kuma mai saye ya san hakan. Zaluncin yana zuwa ne idan aka sayar da su da kuɗin azurfa ko na gwal.

Kafin a biya, lissafi kaɗai zai iya tona asiri. A tambayi nauyin kayan da giram, a ce a ɗora a kan sikeli a ɗauki hoto. Farashin azurfa na duniya ana faɗinsa ne da oza, kuma oza ɗaya ta wannan awo giram 31.1 ce. A duba farashin ranar a Google, a raba da 31.1, a juya shi zuwa naira. Don sauƙin misali, a ɗauka giram ɗaya ya kama N2,000. Munduwa mai giram 30 ta 925 tana ɗauke da giram 27.75 na azurfa, wato N55,500 kuɗin ƙarfen kaɗai, ba a sa gawayi da ladan maƙeri da kuɗin mota ba. Wanda ya ce zai ba da ita a N9,000 har da kawowa gida, ya riga ya faɗi abin da yake sayarwa.

Idan kaya sun iso, ƙananan na'urori biyu sun wadatar. Na farko maganaɗisu mai ƙarfi, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika ko matacciyar ma'ajiyar kwamfuta. Azurfa da zinariya ba sa bin maganaɗisu, don haka in kayan ya manne, ƙarfe ne aka rufa. Amma tagulla da azurfar Jamus ma yawanci ba sa mannewa, saboda haka wannan gwaji yana kama ƙaryar fili ne kawai. Na biyu ƙaramin sikelin aljihu mai auna har 0.01 na giram. A auna kayan a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mai da shi sifili. A ɗaure kayan da zare a nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. A raba lambar farko da ta biyu. Azurfa 925 tana ba da kusan 10.3, tagulla da azurfar Jamus kuma suna tsayawa tsakanin 8.4 da 8.8. Munduwa mai giram 31 da ta nuna giram 3 a ruwa ta ci jarrabawa. Gwajin ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko mai dutse, kuma a kan ɗan ƙaramin zobe kuskure yana yawa.

Manhajojin da ke Play Store masu cewa suna gano gwal ko azurfa idan an kara waya a jiki, ɓata data ne. Abin da suke amfani da shi shi ne na'urar kamfas da ke cikin waya, wadda ƙarfin maganaɗisu kawai take ji. Tana iya jin ƙusa, ba ta jin azurfa. Kuma kada baƙin da azurfa ke yi ya tsorata kowa: sinadarin sulfa da ke cikin iska da gumi ne ke jawo shi, ana goge shi ya fita. Kayan rufi kuwa idan ya goge, wani launi daban ne ke leƙowa daga ƙasa.

Biyan kuɗi da isowar kaya

Duk lokacin da aka sa lambar asusu a manhajar banki, ko OPay, ko PalmPay, ko Moniepoint, sunan mai asusun yana fitowa kafin a tura. A tsaya a karanta. Idan an yi ciniki da Malam wane, sai sunan wata mace daga wani yanki ya fito, a tambayi dalili. Yana yiwuwa asusun ɗansa ne ko na mai POS na kusa da maƙera, kuma hakan yana faruwa sosai, amma a ji shi daga bakinsa a kiran bidiyo. Mai cewa yana da rajistar kasuwanci, ana iya duba sunan kyauta a shafin binciken CAC.

Maƙeri yana da haƙƙin neman kafin alƙalami idan oda aka ba shi, domin da kuɗin zai sayi ƙarfen. Abin da ya dace a ciniki na farko shi ne a fara da ƙaramin abu, a ba da wani kashi, a cika idan ya turo bidiyon aikin da aka gama. A rubuta komai a WhatsApp: nauyi, irin ƙarfe, girman yatsa, ranar gamawa, wanda zai biya kuɗin mota. Girman yatsa a auna da zare a shimfiɗa a kan rula a faɗi milimita, kada a ce "irin hannun budurwa". Akwai kuma batun da masu kula da fiƙihu suke tayarwa, cewa malamai sun shardanta hannu da hannu wajen sayen zinariya da azurfa da kuɗi. Wannan ya sa wasu suke wakilta ɗan'uwa da ke garin mai sana'ar ya karɓi kayan a daidai lokacin da aka tura kuɗin, dabarar da ke maganin damfara ma a lokaci guda. Wanda abin ya shige masa duhu sai ya tambayi malaminsa.

Kayan da ke zuwa Jega yawanci ta tasha suke biyowa. A nemi lambar direba da lambar mota da hoton ƙunshin kafin ya bar hannun mai shi, sannan a ɗauki bidiyo lokacin buɗewa ba tare da yankewa ba. Abu mai tsada ya fi dacewa da kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bibiya. Daga Nijar kuwa sai an ƙara lissafi: farashi da sefa ne, canji yana motsi, kuma kayan sai sun ratso iyaka ta Gaya da Kamba ko ta Ƙonni da Illela. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda Najeriya ba ta ɗage nata ba sai Maris 2024, ya nuna cewa oda tana iya maƙalewa wata da watanni ba tare da laifin maƙeri ba.

Idan an yi rashin sa'a, gaggawa ce magani. A kira banki nan take, a ba su lambar shaidar tura kuɗin mai lamba 30 da ke jikin rasit, tare da hotunan hirar. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana kai ƙorafi sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafin kayan da ba su dace da abin da aka tallata ba, EFCC da 'yan sanda kuma na damfara. A kai rahoton shafin ga Instagram ko Facebook ma, ko don na baya.

Tallafin da ya wuce saye

Akwai masu ganin taya kaya ƙasa warwas shi ne wayo. Ciniki al'ada ce, babu mai hana ta, amma wanda ya riga ya san kuɗin ƙarfe ta lissafin da ya gabata ya san cewa duk abin da ya ƙara ragewa daga ladan aikin yake cirewa. Dillali ma ba abokin gaba ba ne, yana cin guminsa, sharaɗin dai ya faɗi cewa shi dillali ne, ya kuma ambaci wanda ya yi aikin.

Matashin da ya iya waya yana da abin bayarwa da ya fi kuɗin zobe ɗaya. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da hoto da farashi tun 2019, kuma kyauta ce. Awa ɗaya ta isa a buɗe wa dattijon maƙeri ko mai ɗinka jigida, a ɗauki hotunan da safe a inuwa kusa da ƙofa ba tare da filasha ba, a rubuta nauyi da irin ƙarfe a ƙarƙashin kowanne. Ɗalibin jami'ar Aliero zai iya yin wannan a hutun ƙarshen mako. Abu biyu ne ba a wasa da su: layin waya da asusun banki su kasance da sunan mai sana'ar, ba na mai taimakon ba, sannan a kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, a ja masa kunne kada ya karanta wa kowa lambobi shida da ke shigowa ta saƙo. A koya masa kuma ya duba kuɗin da ke cikin asusunsa kafin ya saki kaya, domin su ma masu sana'a ana cutarsu da alat na bogi.

Masu hangen kasuwar waje suna yawan ambaton Etsy, dandalin aikin hannu da aka kafa a Amurka a 2005. Yana karɓar senti 20 a kan kowane kaya da aka jera, da kashi 6.5 cikin 100 na cinikin, ban da kuɗin sarrafa biya, kuma ba kowace ƙasa ya buɗe wa ƙofar kafa shago ba. Idan aka haɗa da kuɗin DHL, zobe ɗaya ba ya fitar da kansa. Ga mai farawa, kwastomomin Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja sun fi kusa, kuma hanyar kai musu ita ce wanda ya saya ya sa hoton kayan a sitatus tare da lambar maƙerin, bayan ya nemi izininsa.